Sunan Mai Rijiya

Munir ne ya jawo min wannan aikin. Yayana ne, yana karatu a wani tsohon gari a Amurka, kuma ba ya gajiya da turo hotuna. Ga allon ƙarfe a ƙofar wani gida, an rubuta wane ne ya gina shi tun zamanin mulkin Ingila, ga wani a gindin bishiya. Har wurin ɗaure dawaki sai da suka kafa wa allo. Ni kuwa ina Agege, ina kallon wani ɗan kwangila yana auna tsohuwar rijiyar bayan masallacinmu, wai zai cike ta ya jera shaguna.

Kakan babanmu ne ya haƙa rijiyar nan lokacin da fataken goro ke sauka a unguwar. Na kwashi hotunan na kai wa Alhaji Nata'ala, shugaban kwamitin unguwa, na yi ta zuba har ya gaji da ni. Ya ce in aka kafa allo da sunan wanda ya haƙa ta, kwamiti zai tsaya a bar ta. In babu suna kuwa labari ne kawai, ranar Litinin tifa za ta juye ƙasa. Ranar Asabar muke wannan magana.

Sai a nan na gane babu wanda ya san sunan mutumin. Mai Rijiya, shi ke nan. Liman bai sani ba. Na hau okada har Idi-Araba wajen wani tsohon danginmu, rana ta gasa ni a banza, ya ce shi ma da Mai Rijiya ya taso. Babanmu ya rasu, babu halin tambayarsa. Kowa sai ya ce in je wajen Hajiya Batulu.

Kakata ce, matar ɗan Mai Rijiya, ta haura tamanin da biyar. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa.

"Hajiya, sunan Mai Rijiya nake so."

Ta dube ni kamar na shigo mata ba ɗankwali. "Mastura, sunan surukina? A bakina? Legas ta gama da ku."

"Sau ɗaya tak. Ko a kunne."

"Kunne ba mutum ba ne?"

Na ce to zan jero sunaye, in na zo kansa ta ɗaga kai. Ta ce ita ba 'yar wasana ba ce. Wayata ta yi ƙara, mai rubuta allon da na ba aikin ne daga Ijora: "Anti, sunan fa? Oga zai rufe shago ƙarfe huɗu o, gobe ba aiki." Na duba, uku saura. Na tashi, na zauna, na sake tashi. Raina ya ɓaci sosai, na ce mata kunyarta za ta binne rijiyar da ta sha shekara saba'in, shi kuma a manta da shi kamar ba a yi shi ba. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar.

Ta ajiye faifan gyaɗar.

"Babanku ba shi ne na fari ba," ta ce. "Akwai wani kafin shi. Wata bakwai ya yi. Sunan kakansa aka sa masa. Ga sunan suruki, ga na ɗan fari, ta ina zan kama? Har ya koma ban kira shi ba ko sau ɗaya."

Duk gidanmu babu wanda ya taɓa jin wannan.

"Almustafa," ta ce.

Ta sake faɗa a hankali, ba ni take kallo ba. Wayar tana ta ƙara a hannuna na kasa ɗagawa. Ita ce ta nuna min ita da haɓa.

"Ɗauki, ki ce su rubuta da kyau. Shi ko yaron, inda aka binne shi ban sani ba."