Gefen da Baba Ba Ya Gani

Ranar da Baba ya faɗi, yana tsugune ne a bakin famfo yana wanke takalmansa. Ya bar aikin soja tun 'yarsa Malama tana 'yar sakandare, amma har ya tsufa bai taɓa yarda wani ya goge masa takalmi ba, kuma duk unguwar ba wanda ya san shi da wani suna sai Saje. Mama ce ta ji ƙarar bokiti ta leƙo, ta same shi kwance, baki ya karkace, ruwa na ta zuba a kansa.

A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama sun daina motsi, wannan kowa ya gani. Sauran abin sai da ya farfaɗo ya buɗe baki aka sani: Hausa ta gudu daga harshensa kakaf. Mutumin da in ya fara ba'a sai ka riƙe ciki don dariya, yanzu ko "ruwa" ba ya iya cewa. Abin da ya rage masa sai guntattakin Turancin bariki, irin wanda ake daka wa kurata a filin fareti. Likita ya ce ba a kansa aka fara ba, ciwon kan share harshe ɗaya ya bar wani, mai yiwuwa ta dawo, mai yiwuwa kuma shi ke nan.

Mama kuwa Turancinta bai wuce na gaisuwa ba. Don haka Malama, 'yarsu guda ɗaya, wadda Turancin take koyarwa a makarantar 'yan mata, ta ɗauki hutu ta dawo tafinta tsakanin uwarta da ubanta.

Yawancin abin da yake faɗa ba shi da wuya. In yana son a ɗaga shi ya ce a tashi tsaye, in ya ƙoshi ya ce a watse. Amma akwai kalma ɗaya da ke zuwa da tashin hankali. Yana kwance lafiya lau, sai kawai idanunsa su firfito, ya hau dukan katifa da hannun hagu yana ihu: "Flank! Right flank! They are flanking us!" Gumi ya keto masa, sai an daɗe kafin ya lafa.

Likita ya ji da kunnensa wata safiya. Ya ce ai a bakin likitoci wannan kalma kwiɓi take nufi, daga ƙasan haƙarƙari zuwa ƙugu, daidai inda ƙoda take. Malama ta gyaɗa kai, don ita ma ta san wannan ma'anar. Aka latsa kwiɓin Baba, aka gwada fitsari, aka tura shi hoton ƙoda. Komai ya fito garau. Ihun dai bai daina ba.

Ita Malama a aji wata ma'anar take koyarwa. Takan nuna wa ɗalibai hoton shugabar makaranta a tsaye, mataimakanta biyu ɗaya a dama ɗaya a hagu, ta ce to wannan shi ne a ce an yi flanking ɗin mutum, an saka shi a tsakiya. A wajenta kalmar girmamawa ce, ta manyan mutane da manyan gine-gine masu bishiyoyi dama da hagu. Ta san sojoji ma suna amfani da ita, ta taɓa gani a ƙamus, amma sanin bai wuce layi ɗaya ba.

Ana cikin haka sai ga Kofur Dogo, tsohon abokin aikin Baba, yana dogara sanda. Bai bi ta gefen gado ba kamar sauran masu dubiya. Ya tsaya can wajen ƙafafu, ya ƙame iya ƙamewar da gwiwoyinsa suka yarda, ya sara. Baba ya dube shi tsaf, ya ɗaga hannun hagu zuwa goshi. Mama ta juya baya tana share ido da bakin mayafi, don tunda ya kwanta bai nuna ya gane kowa haka ba.

Nan take wata ma'aikaciyar jinya ta shigo da abin awon jini, ta zagayo ta hannun daman gadon. Tana taɓa kafaɗarsa ya ƙwalla ihun nan. Malama ta ga fuskar Kofur ta canza. Ya jira Baba ya lafa, sannan ya yafito ta zuwa baranda.

"'Yata, tun yaushe yake faɗar wannan?"

"Tun da ya farfaɗo, Baba Kofur. Har hoton ƙoda aka yi."

"Ƙoda!" Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya zauna a benci, ya shimfiɗa sandarsa a kai. "Dubi nan. Wannan sanda mu ne, mun jeru, mun fuskanci abokan gaba. Duk idanunmu da bakin bindigoginmu gaba suke kallo. Wanda ya zo ta gaba ya sha wuta. To amma nan fa?" Ya taɓa ƙarshen sandar. "Nan mutum ɗaya ne ko biyu. Shi ne flank, gefen rundunar. Mai wayo ba ya zuwa maka ta gaba. Zai bar wasu su yi ta harbi su shagaltar da kai, sauran su zagayo su faɗo maka ta nan. Kafin ka juya an gama da kai. Wannan zagayowar ita ce flanking. In ka ji soja ya ɗaga murya ya faɗe ta, to abu ya riga ya lalace."

"An taɓa yi muku?"

Kofur ya dubi tsakar asibitin, inda wata mata ke shanya zanin gado.

"An taɓa sa mu tsaron wata gada. Tun safe suke harbi daga tsallake muna mayarwa, har muna ganin mun fi ƙarfinsu. Ashe sauran sun haye ruwan can ƙasa, sun biyo ta gonaki. Babanki ne ke riƙe da gefen dama, shi da wasu samari sababbin fitowa, shi ya horar da su da hannunsa."

"Sai me ya faru?"

"Shi dai ya dawo," in ji Kofur. Ya ɗauki sandarsa.

Malama ta kai wa likita labarin. Ya saurara, ya ciro biro daga aljihu, ya tsaya a gaban Baba yana tafiya da shi a hankali daga hagu zuwa dama. Idon Baba ya bi biron har tsakiya, daga nan ya tsaya. Likita ya ce idon lafiyarsa ƙalau, ƙwaƙwalwar ce ta daina karɓar duk abin da ke ɓangaren dama. Wanda ya zo ta can, a wajen Baba daga sama ya faɗo. Ta tambaya ko akwai magani. Ya ce sai dai dabara: a riƙa zuwa masa ta gaba, a yi magana kafin a taɓa shi.

Da aka sallame su, suka tura gadonsa jikin bango ta dama don kada kowa ya bi ta can. Dabarar ta yi aiki a wajen ba shi abinci da magani. Amma Baba ƙato ne, ko a kwance. Juya shi, canza masa shimfiɗa, ɗaga shi zuwa kujerar wanka, duk sai mutum biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta can, kuma ɓarin da ya mutu shi ya fi bukatar tallafi. Kullum safiya sai an jawo gadon, kullum safiya sai wani ya shiga ta gefen da ba ya gani.

Mama ta ce ita za ta shiga. Ta yi masa magana tun daga ƙofa, ta kira shi da sunan da take kiransa tun suna amarci, ta ce ga ta nan zuwa. Bai hana komai ba. Wata safiya tana sa hannu ƙarƙashin hammatarsa ya juyo da hannun hagu ya kai mata duka a baki. Leɓenta ya fashe. Ta zauna a ƙasa riƙe da baki, shi kuma yana ta ihu yana neman bindigar da babu.

"Me yake cewa ne?" ta tambaya, da aka samu ya yi shiru. "Kullum sai ki ce mini maganar aiki ce. Yau dai ki faɗa mini."

Malama ta tsuguna kusa da ita. "Cewa yake an zagayo mu ta gefe, Mama. Abokan gaba."

"Ni ce abokan gaban?"

"Ba ke yake gani ba."

"Ai na san ba ni yake gani ba," in ji Mama. Ta tashi ta tafi wanke bakinta.

Da rana Malama ta kira Kofur a waya, ta gaya masa abin da ya faru. Ya ce su gwada abu ɗaya. A rundunar da ta san abin da take yi, akan sa mutane musamman su tsare gefen, kuma sukan kawo rahoto. In za a shiga ta damansa, a fara cewa da ƙarfi, da muryar aiki: "Flank secure, Sergeant." Wato gefe a tsare yake, namu ne a wurin.

Ranar Malama ta zaunar da uwarta a kicin tana koya mata kalmomi uku. Ta koyar da ɗaruruwan yara, ba ta taɓa jin aji ya yi mata nauyi haka ba. Mama ta ce "filanki," ta ce "sikiya," leɓen da ya kumbura yana hana ta. Ta maimaita, ta sake maimaitawa, har ta gaji ta ce, "Oh ni! Da tsufana an sa ni soja, ko kaki ba a ba ni ba." Suka yi dariya su biyu, dariyar ta ƙare da hawaye.

Washegari Mama ta tsaya bayan kafaɗarsa ta dama ta faɗa. Baba ya yi tsit. Ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya ce, "Carry on, Corporal." Suka ɗaga shi ba ko gardama.

"Me ya ce?"

"Ya ce ki ci gaba da aikinki." Malama ta haɗiye sauran, amma Mama ta riga ta tsinci kalmar.

"Kofur ya kira ni, ko?"

Haka aka ci gaba. Wata rana kalmomin su ci, wata rana ko a jikinsa, sai an bari ya gama yaƙinsa ya gaji. Hutun Malama ya ƙare, ta koma zuwa da sassafe kafin makaranta, su yi wankan tare ta wuce. Hausar ba ta dawo ba. Masu gashin ƙashi sun zo sun tafi, hannun bai motsa ba. Kofur Dogo ma ƙafa ta kwantar da shi, ya daina zuwa.

Wata safiya Malama ta jawo gadon, ta tsaya ta hagu tana jira. Mama ba ta zagaya ba. Ta durƙusa a gabansa, daidai inda idonsa yake gani, ta kama hannunsa mai lafiya ta ɗora a kumatunta.

"Maigida, dube ni da kyau. Ni ce fa. Yau ba zan yi maka Turanci ba. Ka ce wani abu, ko zagi ne."

Baba ya dube ta da ladabi, irin kallon da ake yi wa baƙuwar da ta yi ɓatan hanya. Ya zare hannunsa a hankali, ya mayar kan cikinsa. Malama ta buɗe baki, ba ta sami abin da za ta fassara wa kowa ba.

Mama ta daɗe a durƙushe. Can ta dafa gadon ta miƙe, ta tsoma yatsa a bokiti.

"Ruwan ya fara hucewa," ta ce. "Kama ta can."

Ta zagaya bayan kafaɗarsa, ta gyara murya, ta kawo rahoto.