Faifan Martha

Da aka share makokin Martha, 'yan'uwanta mata suka taso daga ƙauye zuwa Sabon Tasha don kwashe kayanta, kamar yadda danginsu suka saba idan mace ta rasu ba ta bar 'ya ba. Mijinta, Malam Istifanus, malamin firamare ne, mutum mara hayaniya. Ya zauna a bakin ƙofa yana kallo ana fitar da tukwane, da zannuwan zumuntar matan coci, har da tsintsiya. Abu ɗaya kawai yake addu'a kada idonsu ya kai gare shi, wanda ke rataye da zare a kusurwar ɗaki.

Asalin abin, bara ne ya shigo da jarida mai hoton Zahalu, duniyar da zobe ya kewaye, wanda wani kumbon Amurka ya ɗauko. Yana so ya koya wa 'yan aji shida. Ya zana ya goge, ya zana ya goge, kullum sai ya fito kamar kan mutum da malafa. Martha ta leƙa ta kwashe da dariya. "Malam, wannan ai ƙoƙo ne a cikin faifai." Kafin ya taso daga makaranta washegari, ta kifa ƙoƙunan aurenta biyu da uwarta ta ba ta a kan juna, ta huda tsakiyar sabon faifanta ta ɗinke su a ciki. Da shi ya koyar, ya dawo da shi gida ya rataye.

To, idon Asabe, yayar marigayiyar, ba ya tsallake ko allura. Ta ɗaga kai. "Waɗancan ba ƙoƙunan uwarmu ba ne?"

"Yaya Asabe, wannan kayan koyarwa ne," in ji Malam, ya miƙe da sauri. Da ya ce mata aikin hannun Martha ne, ba shi da abin tunawa da ita sai shi, wataƙila da ta ji tausayi. Amma bawan Allah bai iya roƙo ba, darasi ya iya. Ya shiga gaya mata cewa wata duniya ce can nesa, ta fi tamu girma ninkin ba ninkin, amma duk iska ce, babu ƙasar da mutum zai taka. Zoben nan gutsattsarin ƙanƙara ne da duwatsu suke kewaya ta. Kafin ta zagaye rana sau ɗaya sai ta yi kusan shekara talatin.

Nan ya katse darasin. Kusan shekarun da suka yi tare da Martha ke nan.

Asabe ta saurara har ƙarshe, don ba muguwa ba ce. "Sannu, Malam. Amma ƙoƙon uwa ba ya zama a gidan miji, ka sani." Ta sauko da abin, ta sa reza ta tsinke ɗinkin a hankali, ta naɗe ƙoƙunan a gefen zaninta. Ta juya faifan, ta ga ba zai rufe ko kwano ba, ta miƙa masa.

Da azahar motarsu ta tashi. Kaɗaici ya rufe shi, irin wanda bai ji ba ko a ranar jana'iza. Ya hau kujera ya mayar da faifan kan zarensa. Iska ta shigo ta taga, faifan ya kama juyawa, yana kewaya inda babu komai.