Wutsiyar Kifin Yunusa

Tun ranar da Gitae ya fara hawo benen cocinsu, Sonhwa ba ta yarda da shi ba. Kirkinsa ya yi yawa. Ana tashi daga sujada, kafin iyaye mata su sauke tukunyar taliya, ya riga ya naɗe hannun riga yana jiran kwanukan wankewa. In aka tambaye shi cocin da ya baro, sai ya yi murmushi ya ce, "Wani ɗan ƙarami ne can wajen garin Gumi," ya kawo wata maganar. Ga ayoyin Littafi a bakinsa kamar an buɗe famfo.

Sonhwa ce shugabar zumuntar matasa, kuma ta san masu girbi. Haka ake kiran 'yan ƙungiyar nan da ke shigowa coci a matsayin baƙi, su shekara suna shara da wanke-wanke, sai an saki jiki da su sannan su fara janye mutane ɗaya bayan ɗaya zuwa wani "nazarin Littafi" a waje. Da haka suka tafi da ƙanwarta, wadda yanzu ko wayar mahaifiyarsu ba ta ɗauka. In an ce Sonhwa ta cika zargi ba ta musu, ita dai ba za a sake ɗauke mata kowa tana kallo ba.

Kowace shekara lokacin hutun zafi matasan kan haɗa wani fim na shirme, a nuna wa dattawa su sha dariya. Bana labarin Yunusa aka zaɓa. A saman rufin ginin ake ɗauka, tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya. Teburin cin abinci ya zama jirgin ruwa, aka manna wa wani shuɗin tanti faranti biyu na takarda a matsayin idanu, ya zama kifi. Duri, ɗan jami'a mai bakin tsiya wanda Sonhwa ta koya wa karatun Lahadi tun yana zubar da majina, shi ne Yunusa, da gemun tsumman goge daɓe.

"Wannan gemun warin ƙafar Fasto yake," in ji Duri. "Yaya Sonhwa, in na mutu ki gaya wa mamata shahada na yi."

"Ka mutu bayan mun gama. Hau jirgi."

Babu mai son shiga tanti cikin wannan zafin, sai Gitae ya ɗaga hannu. Wa kuma zai zauna ya haɗa fim ɗin a kwamfuta? Gitae. Kowa na ta yabonsa, Sonhwa kuwa zarginta na ƙaruwa, domin haka masu girbi suke farawa. Ranar Alhamis ta hango shi a shagon kofi da ke bakin titi, shi da Duri su kaɗai, kai a haɗe. Da ta tambayi Duri sai ya sosa ƙeya ya ce hira ce kawai ta maza. Ranar Asabar da safe ta shiga ofishin Fasto Yeom ta zazzage masa komai. Fasto ya daɗe yana murza goshi, sannan ya ce a bar masa maganar.

Da rana aka taru ɗaukar ƙarshe, wurin da kifi zai amayar da Yunusa. Mai riƙe wutsiya bai zo ba, wai cikinsa ya ɓaci, sai aka tura Sonhwa. Ta sunkuya ta shiga bayan Gitae. Ciki shuɗin duhu ne da warin roba, gumi na bin bayanta, a waje kuma ana ta gardamar wanda zai watsa ruwan bokiti.

"'Yar'uwa Sonhwa," in ji Gitae ƙasa-ƙasa, bai juyo ba. "Na san kina sa mini ido. Ba ki yi laifi ba. Da ni ne, da haka zan yi."

Ya ci gaba da magana, har yanzu bai juyo ba.

"Na yi zama da masu girbi. Ni ma na yi girbin, ba sau ɗaya ba. Bara na gudo, har yau babu mai gaishe ni a cikinsu, matata ma tana can. Duri kuwa wasu 'yan mata ne suka tare shi a makaranta, wai suna gwajin halayyar mutum kyauta. Na san wannan ƙofar, ni na koya wa wasu buɗe ta. Shi ne na ja masa kunne, na ce kada ya faɗa wa kowa inda na san su."

"To me ya kawo ka wurinmu?"

"Na ga hotonku na bara, kun sa wa dattijo guda kwandon wanki a ka wai shi ne Goliyat. Can babu mai irin wannan sakarcin. Na ce a nan zan huta."

Tausayi ya taso mata, sai kuma zargi ya danne shi. Ashe ba haka ƙwararren mai girbi zai faɗa ba? Ya ga an gano shi, ya sauya tarko. Ko kuwa gaskiya ce tsagwaronta, ita kuma ta riga ta kai shi ofis? Tana cikin wannan aka buga murfin tukunya alamar a fara. Suka ruga da tanti, suka tunkuɗo Duri waje, ruwan bokiti ya sauka a kan mai kamara, kowa ya faɗi yana riƙe ciki.

Ta kwana da niyyar kiran Fasto ta janye maganarta. Ta ɗauki waya ta ajiye, ta sake ɗauka ta ajiye. In ƙarya Gitae yake yi fa, wa zai dawo mata da Duri?

Ranar Lahadi tana tsaye a saman matakala ta ga Dattijo Pyo, ɗaya daga cikin shugabannin cocin, ya tare Gitae a ƙofar ƙasa. Ba ta jin abin da ake cewa, amma ta ga hannun dattijon a jikin ƙyauren, ya hana shi shiga. Gitae bai yi musu ba. Ya rusuna, ya zaro ɗan abin da ya zuba fim ɗin a ciki ya miƙa da hannu biyu, ya sake rusunawa. Hawa biyu ne kawai tsakaninta da su. Ba ta sauka ba, har Gitae ya sha kwana wajen tashar bas.

Bayan sujada aka ja labule aka kunna fim ɗin. Gitae ya haɗa shi da kyau, har da kiɗa. Tsofaffi mata suna dukan cinyar juna, Fasto kansa yana share hawaye, ga kifi yana gudu da ƙafafu huɗu a jere. Sonhwa na zaune a baya, baƙin ciki ya cika ta, kuma har yanzu ba ta san ko ta ceci garken ba ne ko ta kori mai neman mafaka.

Duri ya ratso kujeru da kwano biyu na taliya a hannu, yana waige-waige.

"Yaya, ina Gitae ya shiga ne? Na sa an ƙara masa ƙwai a tasa, ga ta nan tana sanyi."