Ciwon Aro

A shekarar 1976 na dawo Samaru daga wani kwas na 'yan watanni a Kanada, da kwat mai nauyi da jakar takardu da wani tunani da nake ganin shi zai gyara likitancin ƙasar nan baki ɗaya. Sunana Jafaru, malami ne ni a makarantar likitoci, kuma a lokacin ba ni da cutar da ta wuce son a ce na iya. Abin da na hango shi ne ɗalibanmu sun san kowace jijiya ta jikin gawa da sunanta na Latin, amma in ka ajiye musu mai rai sai su rasa ta inda za su kama shi. Su jefa masa tambaya a tsaye, ya ce "da sauƙi", su rubuta magani. Don haka na tsara sabon darasi, na raɗa masa suna Sauraron Mara Lafiya, na nemi a ba shi awa biyu a mako cikin manhaja.

Awa biyu a manhaja ba ta faɗowa daga sama, sai an yanko ta daga rabon wani. Wanda za a yanka kuwa shi ne Dakta Ogbonna, mai koyar da fiɗar gawa, mutumin da ya fi yarda da matattu a kan masu rai. A taron kwamitin manhaja ya saurare ni har na gama zuba, sannan ya cire tabarau ya ce da Turanci, "Wato gaisuwa za ka koya musu? Iyayensu ba su koya musu a gida ba?"

Raina ya ɓaci, na fara kawo masa sunayen manyan jami'o'in Turawa. Shugaban kwamiti, Farfesa Akinola, haifaffen Sabon Gari ne, Hausa a bakinsa ta fi tawa daɗi, shi ya raba gardamar. Ya ce, "Dakta Jafaru, surutu ya isa. Ran Alhamis ta sama ka nuna mana abin a aikace. In mun gamsu, awa biyu taka ce. In ba mu gamsu ba, sai ka jira lokacin da za a sake duba manhaja, wataƙila ka yi furfura tukuna."

Na fito ina hura hanci, don na san dabarar. A Kanada lafiyayyen mutum ake samu, a koya masa ciwo, ya zauna ya kwaikwayi mara lafiya, ɗalibi ya gwada tambayoyinsa a kansa. Can har layi mutane ke yi don a ɗauke su. Ɗalibar da za ta yi tambayar ma ina da ita: Dinatu, 'yar ajin ƙarshe, daga wani ƙauye na bayan Zariya, ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da ke zuwa sauraron surutuna da la'asar ba tare da an tilasta su ba. Saura kawai mai aron ciwo, abin da na ɗauka ba zai ci mini ko wuni guda ba.

Na fara da Dogo, masinjan sashenmu. Ya saurare ni da ladabi, sannan ya ja da baya ya ce, "Likita, ni da bakina in ce ina da ciwon ciki, alhali lafiyata ƙalau? Mala'iku suna ji fa. In suka ce amin, wa zai cire mini?"

Dorkas mai abinci a bakin ƙofar makaranta ta kaɗa yatsu bisa kanta, ta ce in nemi wata. Na shiga kasuwar Sabon Gari, na leƙa garejin Chikaji, Musulmi da Kirista duk bakinsu ɗaya: ba mai kiran ciwo da sunansa ya gayyato shi jikinsa. Wani makanike, Felix, ya yarda da safe, da rana matarsa ta biyo ni har ofis ta wanke ni tas. Alhamis tana matsowa, ni da na ƙetare teku na koyo yadda ake fahimtar mutane, ga ni na kasa fahimtar mutanen garinmu.

Ran Juma'a na je Jushi gai da Inna kamar yadda na saba. Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna irin matan da ne da suka riƙe kunya da hannu biyu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. A wurin kakata na tashi, kuma ko da na girma, in na zo sai in durƙusa a bakin ƙofa in gai da ta, ita kuma ta amsa wa bango. In tana da saƙo gare ni, matata Zubaidatu take gaya wa, ta ce, "Ki faɗa wa mutumin nan." Ni kuma nawa nuna ƙaunar, kowace Juma'a in zo mata da ganyen shayi da gwangwanin madara da kwalin sukari, in ajiye, in fita. Zubaidatu ta sha ce mini, "Inna ta rame fa," ni kuma in ce mata tsufa ne, in ci gaba da ba ta labarin darasina.

Ranar ina tsakar gida ina zuba wa ƙanena Hamza ƙorafi a kan jahilcin mutane, muryata har maƙwabta. Da muka shiga mota za mu koma, sai Zubaidatu ta ce, "Inna ta ce in faɗa wa mutumin nan za ta je."

Na ce, "Ina?"

"Makarantarku. Ta ce ita za ta yi muku ciwon."

Maimakon in tambayi kaina dalilin da ya sa tsohuwar da ba ta barin a ambaci maciji da sunansa ta yarda da abin da Dogo ya ƙi, sai na ce a raina, ai ba banza ba na fito da kaifin basira, gado na yi.

Muka koma washegari don in koya mata. Gyambon ciki na zaɓa, don ba shi da wuyar kwaikwayo. Muka zauna mu uku, Zubaidatu a tsakiya. Na ce, "Ki gaya mata ciwon a nan yake, ƙarƙashin ƙirji. Yana tashi in yunwa ta kama, yana lafawa in an sha fura." Zubaidatu ta juya ta maimaita wa matar da ta riga ta ji kowace kalma. Inna ta ɗaga moɗa ta shanye ruwan ciki, ta sake ɗiba daga randa, sannan ta ce, "Ki ce na ji."

Kwamiti kuwa na gaya musu wata dattijuwa na samo daga Jushi. Ban ga amfanin faɗin dangantakarmu ba, kuma na san ba za ta tona ni ba, tun da ko kallona ba za ta yi ba.

Ran Alhamis aka jera kujeru a ɗakin taro. Inna ta zauna a gaba cikin mayafinta na zuwa suna, Zubaidatu tana jira a baranda. Ni na zauna kusa da Dakta Ogbonna don in riƙa fassara masa, saboda Hausarsa ba ta wuce ta cinikin nama ba. Dinatu ta shigo, ta ture kujerar likita gefe, ta jawo 'yar ƙaramar kujera ta zauna ƙasa da Inna, kamar yadda na koya mata. Ta gai da ta, ta tambayi gajiya, ta tambayi mutanen gida da ruwan bana. Ogbonna ya dubi agogonsa yadda zan gani.

Dinatu ta ce, "Inna, me ke damun ki?"

"Da sauƙi, 'yata."

Dinatu ta yi shiru. Wannan ita ce babbar dokata: kada ka cike wa mara lafiya shirunsa, bar shi ya cike da kansa. Shirun ya yi tsawo har na ji ana gyaran murya a baya. Can sai Inna ta ce, "Ƙishirwa ce, 'yata. In sha, in sha, maƙogwaro kamar ban jiƙa shi ba. Ga yawan zagawa bayan gida, barci ma ba ya samuwa."

Tsohuwa ta manta darasi! Na yi tari, na dafa ƙarƙashin ƙirjina ina murzawa don in tuna mata. Wauta ce, don matar da ta shekara talatin da ɗoriya ba ta dube ni ba, ba yau za ta fara a gaban baƙi ba. Ba yadda zan yi, na ci gaba da fassara wa Ogbonna a kunne, ina cizon haƙora.

Ta ce tana ci amma ba ya kama jikinta, zanenta kullum sai ta ƙara ɗaure shi. Ta ce tafin ƙafarta yana zogi kamar ta taka garwashi, idanunta sun fara hazo har zaren allura ya gagare ta. Ogbonna ya ajiye agogo ya gyara zama. Ya raɗa mini, "Ciwon suga ne wannan, tamkar daga littafi. Ka iya koyarwa, Jafaru. Har ramar ma ta dace da ita."

Ni kuwa sai na gyaɗa kai na karɓi yabon, har da ɗan murmushi.

Inna ta sassauta murya ta ce, "In na tsuguna na tashi, sai in ga tururuwa sun taru a wurin."

Na buɗe baki zan juya wannan zuwa Turanci, sai na tsaya cak. Ban koya mata wannan ba. Zubaidatu ba ta san shi ba balle ta koya mata. Na tuna moɗa da randa, na tuna zanen da take ta gyarawa. Kafin in gama haɗa su, Inna ta zare takalminta ta nuna wa Dinatu babban yatsanta, ga gyambo nan ya ƙi warkewa, an shafe shi da man shanu. Ashe shi ya sa ba ta ji tsoron kiran ciwo ba, don ya daɗe da zuwa ya shimfiɗa tabarma.

Dinatu ta riƙe ƙafar a cinyarta ta ce, "Tun yaushe, Inna?"

"Tun daminar bara."

"Ba ki da 'ya'ya da za su kai ki asibiti?"

"Akwai Hamza, da Rahamatu, da Kaltume."

Dinatu 'yar ƙauye ce, ta san yadda iyaye mata ke ƙirga. Ta ce a hankali, "Shi na farkon fa?"

Inna ta dubi ƙasa. Dinatu ta sake yin shirun nan da ni na koya mata, kuma ban taɓa sanin yana da nauyi haka ba.

Inna ta ce, "Akwai shi. Hidimar mutane ta yi masa yawa. Amma yana ƙoƙari, 'yata. Kowace Juma'a sai ya kawo mini kwalin sukari."

Ogbonna ya zungure ni. "Me ta ce? Ka daina fassara." Farfesa Akinola, da bai buƙaci tafinta ba, ya juyo ya dubi fuskata, ya ga zufa tana bin wuyan kwat ɗin Kanada. Dinatu ma ta juyo ta ce, "Malam, wannan matar ba wasa take yi ba. Tana buƙatar gwaji yanzu."

Na miƙe, na ce, "Mahaifiyata ce."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Aka kai ta ɗakin gwaji, aka ɗebi fitsarinta aka dafa shi da ruwan magani, ya juye ja kamar jar ƙasa. Aka wanke gyambon aka ɗaure, aka ce a kawo ta asibiti da safe a fara magani, an yi sa'a ƙafar ba ta kai ga lalacewa ba. Duk wannan ina tsaye a gefe ina riƙe da takalminta, don shi kaɗai aka ga na cancanta in riƙe.

Da muka koma ɗakin taro, Dakta Ogbonna ne ya fara magana. Ya ce ya yi shekaru yana gani da idonsa likitoci suna duba mutum ba su gan shi ba, amma bai taɓa ganin an nuna masa abin ƙarara kamar yau ba. Ya ce ya bayar da awa biyun, da sharaɗi guda: a ajiye kujera ɗaya a sahun gaba na ajin, a rubuta sunan Dakta Jafaru a jikinta. Akinola ya ce an amince. Na samu abin da na yi ta haƙilo a kansa, kuma ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba.

A hanyar Jushi ina tuƙa motata Fijo, Inna da Zubaidatu suna baya. Muka wuce Palladan. Haushin kaina ya rasa inda zai sauka, sai na huce a kan Zubaidatu, na ce, "Ke ma ai da kin faɗa mini."

Ta ce, "Sau nawa na ce maka Inna ta rame?"

Mun kusa shiga Sabon Gari sai na ji Inna ta gyara zama. Ta madubi na hango ta juya wajen taga, ta ba ni ƙeya kamar kullum.

Ta ce, "Zubaidatu, yarinyar nan ta iya sauraron mutum. An koya mata da kyau." Ta ɗan dakata. "Wanda ya koya mata, Allah ya yi masa albarka."

Zubaidatu ta ce amin. Na sauka daga kwalta na tsayar da mota a gaban wani mai faci, na fita na buɗe gaban motar na sunkuya, ina duba injin da ba abin da ya same shi, har idanuna suka bushe.