Gardamar Isyaku a Gidan Dalhatu

Tun da inji ya karya wa Dalhatu ƙafa a kamfanin robar da yake aiki a Sharaɗa, magana ta ɗauke masa. Aka sallamo shi daga asibiti, ya kwanta a gidansa na Na'ibawa, fuska na kallon bango. Mutumin da a da ya ishi abokan aiki da labarin tseren motoci na Formula 1, yanzu ko wayarsa ba ya taɓawa. Matarsa Maimuna ta kawo abinci, ta dawo ta ɗauke shi yadda ta ajiye.

Wata Lahadi bayan la'asar sai ga Isyaku, abokin aikinsa, ɗan Challawa. Suka gaisa, ya zauna bakin katifa, ya jingina waya da filas, ya kunna tsere.

"Dama tambaya na zo da ita," in ji Isyaku. "Direbobin nan biyu na ƙungiyarku, wai don me kake fifita Dattijo? Ai Sabon Jini ya fi shi."

Sunayen da Dalhatu ya laƙaba musu ke nan a wurin aiki. Dalhatu bai juyo ba, Isyaku ya ci gaba.

"Motarsu iri ɗaya, makanikansu na gida ɗaya, amma jiya a gwajin gudu Sabon Jini ne a gaba. Kullum shi ne."

Dalhatu ya juyo a hankali. "Gwajin Asabar zagaye ɗaya ne, Isyaku. Ran Lahadi ake raba maki. Shi naka cinye taya yake kamar mai jin haushinta. Bari su kai rabi ka gani."

Da aka kai rabi, tayoyin Sabon Jini suka fara zamewa, Dattijo ya wuce shi a kwana. Isyaku ya ce sa'a ce. Dalhatu ya tashi zaune don ya yi masa bayani da hannu, har ya nemi a miƙo masa tuwon da ke rufe.

Daga nan duk Lahadin da ake tsere Isyaku na tafe. Wani lokaci daga aiki yake, ko wanka bai yi ba. Ran da aka yi ruwa Sabon Jini ya ci, Isyaku ya hana kowa sakat, Dalhatu kuwa ya yarda cewa a jiƙaƙƙiyar hanya nasa ba shi da wannan zuciyar. A kan haƙuri da sanin lokacin sauya taya dai bai taɓa ja da baya ba. Cikin wannan musu ya fara dogara sanda zuwa zaure, daga baya har masallaci.

Sai da ya kusa komawa aiki Maimuna ta faɗa masa, tana tankaɗe.

"Baban Lubna, ka san Malam Isyaku bai taɓa kallon tseren nan ba kafin ciwonka? Ya tambaye ni me zai sa ka yi magana, na ce sai dai a taɓa maka direbanka. Ya tafi ya yi ta tambayar mutane, ya haddace."

Dalhatu ya tuna nisan Challawa, da gajiyar da ke idon mutumin duk ranar da ya zo.

Ranar Juma'a ya hau adaidaita har ƙofar gidan Isyaku. Ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Na ji abin da ka yi. Allah ya saka maka da alheri, ya raya maka zuri'a."

"Amin," in ji Isyaku, yana sosa ƙeya. "Da farko don kai ne. Yanzu kuwa da gaske nake, Sabon Jini ya fi."

Ya shimfiɗa tabarma, ya gyara wa Dalhatu wurin miƙe ƙafa, sannan ya leƙa cikin gida ya ce a dama fura.