Abin da Ta Faɗa wa Anti

Nas ake kiranta a layinsu, ko da yake ba ta taɓa yi wa kowa allura ba. A asibitin haƙori take aiki, ita ce mai wanke kayan likita ta dafa su, ta leƙo ta kira na gaba. Farar rigar aikin ce ta jawo mata sunan. Mijinta kuwa Injiniya ake ce masa, na firji da fanka, shi ma ba da takarda ba. Yakan ce gidansu gidan manyan ma'aikata ne, gwamnati ce dai ba ta samu labari ba.

Wata safiya ya sunkuya zai ɗaure takalmi sai ya kife. Da aka sallamo shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana sai ɗaya-ɗaya da ƙyar. Nas ta ja gadonsu gindin taga don ya riƙa ganin masu wucewa. Ta koyi juya shi, ta koyi yi masa wanka a kwance. Takan ba shi abinci kafin ta fita, maƙwabciya ta leƙa shi da rana, in ta dawo ta ɗora daga inda ta tsaya. Ta rame har zobenta ya fara zamewa.

A cikin wannan hali Anti ta zo. Ƙanwar mahaifiyarta ce, ita ta riƙe ta bayan rasuwar uwar, ita ta kai ta makaranta. Tun da ta bar aikin ofis ta buɗe wani zama na mata duk safiyar Asabar, a wani ɗaki da ke saman shagon labule. Zaman hange take kiransa.

"'Yata, dubi yadda kika koma," in ji Anti. "Jikinsa kike jinya, amma me kike gani idan kin rufe ido?"

"Ba na ganin komai, Anti. Barci ne yake ɗauke ni."

"To nan matsalar take. Zo ranar Asabar."

Ta je. Kujerun roba ne a zagaye, da fanka mai ƙara, da mata masu neman haihuwa, masu neman aiki, da wata da ɗanta ya yi tafiya ya daina kira. Anti ta sa aka rufe ido. Ta ce a ja numfashi a hankali, a sake shi. Sai ta sassauta murya ta ce kowa ta kalli abin da take roƙon Allah kamar ya riga ya zo: ta ga launinsa, ta ji ƙamshinsa, ta yi godiya tun yanzu. "Kada ku ce in ya zo," in ji ta. "Ku ce ga shi."

Nas ta ga Injiniya tsaye a ƙofar kicin, riƙe da jakar kayan aikinsa, yana tambayar wa ya taɓa masa filaya. Har ƙanshin man inji ta ji. Da ta buɗe ido fuskarta ta jiƙe, amma ƙirjinta ya yi sauƙi irin wanda ta manta da shi.

Daga nan kullum da safe takan zauna a bakin gado ta riƙe hannunsa ta yi hangen, wani lokaci a fili don ya ji. Shi kuma ya yi 'yar dariyarsa ta gefen baki. Mai gashin ƙashi na zuwa yana motsa masa gaɓoɓi. Ana nan wata rana yatsun dama suka motsa, bayan wasu makonni ya ɗaga hannun har ya taɓa haɓarsa.

Anti ta tsayar da ita a tsakiyar zama ta ce ta ba da labari. Aka yi ta tafi. Asabar ta gaba kujeru ba su isa ba, sai da aka aro benci daga shagon ƙasa. Duk sabuwar da ta zo, Anti takan nuna Nas ta ce, "Ga 'yata, mai mijin da ya ɗaga hannu."

Amma akwai abin da Nas ta ɓoye, yana cin ta. Wata Asabar bayan an watse, ta tsaya taya Anti jera kujeru, sai ta zauna a kan ɗaya ta kasa tashi.

"Anti, in faɗa miki wani abu? Tsakanina da ke."

"Da wa za ki faɗa wa in ba ni ba?"

"Shekaranjiya na rufe ido don in gan shi a tsaye, sai na ga gadon babu kowa. An gyara shi tas. Ni kaɗai a ɗakin, babu mai jirana in juya shi. Kuma Anti, na ji daɗi. Kafin in farga na ji daɗi."

Anti ta jawo kanta ta ɗora a kafaɗa. "Gajiya ce, 'yata. Wace mai jinya ce ba ta taɓa jin haka ba? Share hawayenki. Maganar nan ta mutu a ɗakin nan."

Nas ta koma gida kamar an sauke mata dutse.

Ba a daɗe ba ciwon ya sake bugun Injiniya. Wannan karon hannun ya koma, maganar ma ta ɗauke gaba ɗaya, sai ido kawai. Nas ta daina zuwa zaman, tana tsakanin asibitin da aka kwantar da shi da wurin aikinta. Da aka dawo da shi gida abin duniya ya ishe ta, sai ta ji tana kewar ɗakin nan da muryar Anti. Ta roƙi maƙwabciya ta zauna da shi, ta tafi.

Ta makara. Tana hawa bene ta ji muryar Anti ta ƙofar da aka bari a buɗe saboda zafi.

"Na san kuna tambaya a zuciyarku, me ya faru da mai mijin da ya ɗaga hannu? Ba hangen ne ya gaza ba. Da bakinta ta faɗa mini, ta rufe ido ta ga gadon mijinta babu kowa, kuma ta ji daɗi. To ku faɗa mini, wanda ya kira abu har ya yi masa maraba, wa zai zarga in ya taho?"

Aka ɗauki salati. Nas ta dafa bango. Ta ɗan leƙa, sai idonta ya faɗa kan wata da ke zaune a benci kusa da taga: Yaya Babba, yayar Injiniya, wadda Nas da kanta ta yi ta roƙo ta zo ta taya su hange.

Ba ta shiga ba. Ta sauka ta tsaya a cikin shagon, tsakanin labulen da aka rataye, har mata suka gama fitowa. Sannan ta hau.

Anti na naɗe wayar fanka. Da ta gan ta sai hannunta ya tsaya.

"Kin ce maganar ta mutu a ɗakin nan."

"Ban ambaci sunanki ba."

"Akwai wata mai mijin da ya ɗaga hannu ne bayan ni?"

Anti ta ajiye wayar. "Zauna, 'yata. Ki fahimce ni. Matan nan sun fara janyewa. Mai neman haihuwar nan ta ce in naki bai yi ba, nata ma ba zai yi ba. In ban ba su dalili ba za su yanke ƙauna. Don su na yi."

"Ranar kin ce gajiya ce."

"Na ce. Amma daga baya na yi tunani. Abin da mutum ya gani a zuci yana da ƙarfi, ke ma shaida ce."

"Anti, ke kika yi mini kitso ranar da aka binne uwata. Da wata ce ta yi mini haka, wurinki zan zo in kai ƙara. Yanzu ina zan je?"

Anti ta ɗauki jakarta tana laluben makulli.

Washegari Yaya Babba ta zo da ƙanensu da mota. Ba ta zauna ba, ba ta karɓi ruwa ba.

"Mun zo ɗaukar ɗan'uwanmu. Tunda gado babu kowa kike so, ga shi nan, sai ki miƙe ƙafa."

A gabansa ta faɗa. Nas ta ga idonsa ya juyo gare ta, ya tsaya, sannan ya koma bango. Aka naɗe shi a bargo aka fita da shi, maƙwabta na leƙe ta taga. Ta bi su da ledar magungunansa tana faɗin wanne ake ba shi kafin abinci, babu mai saurarenta.

Kullum in ta tashi daga aiki takan wuce gidan Yaya Babba. Ana barinta ta shiga, amma ba a barinta ita kaɗai da shi. Takan gaishe shi ya ƙi kallonta. A wurin biki ko a kasuwa, matan da suka yi mata tafi sai su kau da kai.

Wata rana ta ɗaga bargo ta ga ƙugunsa ya yi gyambo saboda rashin juyi. Ba ta nemi izini ba. Ta ɗebo ruwan ɗumi ta wanke, ta sa magani, ta tallabe shi ta juya. Yaya Babba na tsaye a ƙofa, ita ma duk ta zabge, idonta ya faɗa.

Nas ta durƙusa daidai fuskarsa. "Injiniya, abin da aka faɗa maka gaskiya ne. Na gani, kuma na ji abin da aka ce na ji. Na gaji ne. Ban roƙa ba, ban kira ba. In da tafiya nake so, ƙofa a buɗe take tun ranar farko."

Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Can sai hannun hagu ya lalubo gefen farar rigarta ya damƙe, ya ƙi saki har sai da ta zauna.

Yaya Babba ta juya ta shiga kicin. Da Nas za ta tafi ta biyo ta ƙofa, ba ta kalle ta ba ta ce, "Ni ma jiya na yi kuka a banɗaki. Bayana kamar zai karye." Ba ta ce a yafe mata ba. A ƙarshen mako dai suka mayar da shi gida, ita ma ta fara zuwa tana karɓar wa Nas jinyar ranar Lahadi.

Injiniya bai sake magana ba, bai kuma tashi ba. Anti ta yi ta kira, Nas ba ta ɗaga ba. Ta zo sau ɗaya da ledar lemo, ta ƙwanƙwasa har ta gaji, ta rataye ledar a ƙofa.

Bayan wasu watanni aka cire wa wata mata haƙori a asibitinsu. Nas na tattara kaya matar ta ƙura mata ido, ta yi magana da auduga a baki.

"Ba ke ce 'yar Anti ba? Kai, barka! Ta ba mu labarinki ranar Asabar. Ta ce tun da kika tuba kika gyara hangenki, dangin mijinki da kansu suka dawo miki da shi."

Nas ta tsaya riƙe da tiren kayan likita. Likita ya ɗago ya dube ta.

"Kada ki yi magana, jini zai dawo," ta ce wa matar. "Danne audugar."

Ta shiga ɗakin wanke kaya ta buɗe famfo, ta bar shi yana zuba, ta daɗe a tsaye ba ta taɓa komai ba.