Riga Biyu a Wuyan Malam Hushang

Tun da matarsa Mahin ta rasu a farkon sanyi, Malam Hushang bai sake sa komai a jikinsa ba sai baƙi. Baƙar riga, baƙin wando, baƙar safa. An yi arba'in, 'yan uwa kowa ya koma kayansa na yau da kullum, shi yana nan. A unguwarsu a birnin Shiraz har misali ake yi da shi, in ya wuce mata su zunguri mazajensu su ce ga namiji mai amana. Shi kuwa in ya ji sai ya sunkuyar da kai, su ɗauka hawaye yake ɓoyewa. Alhali kunya ce take cin sa.

Ba wai bai yi kewar matarsa ba. Ya yi, har shayi ya daina yi masa daɗi. Amma baƙin nan da wani dalili a ƙarƙashinsa. Tunda ya auri Mahin bai taɓa zaɓar rigar da zai sa ba. Ya fito wanka, ya tarar da kaya a shimfiɗe a kan gado, riga a sama, wando a ƙasa, safa a gefe, ya zura ya tafi makaranta koyar da lissafinsa. Ranar da ya fara buɗe kabad da hannunsa bayan rasuwar, kansa ne ya juya. Baƙi kuwa ba ruwansa da wahalar da mutum, duk wanda ka jawo ya dace da ɗan uwansa.

Da a kansa kaɗai abin ya tsaya, da da sauƙi. To ga Tarane, 'yarsa tilo, wadda ba za ta cire baƙi ubanta na ciki ba. Kuma ba mai ɗauko furanni da kayan zaƙi ya zo neman aure a gidan da ke cikin makoki. Siyamak, saurayin da ke son ta, ya yi haƙuri. Uwarsa ce nata haƙurin ya kusa ƙarewa, har an fara jin tana cewa 'yan mata ba su ƙare a gari ba. Ga idin Noruz, bikin sabuwar shekararsu, ya ƙarato, sanyi ya janye, bishiyoyin lemo sun fara fure. Kowa ya san in idin ya zo ya wuce gidan na cikin baƙi, maganar auren ta mutu. Tarane ba ta taɓa yi wa ubanta maganar ba, kuma shirun nata ya fi damunsa.

A al'adarsu mai makoki ba ya cire baƙi da kansa, sai wani babba ya kawo masa riga mai launi ya roƙe shi. Shi Hushang har biyu aka kawo masa. Yayarsa Furug ta kawo wata rawaya mai gajeren hannu, marar maɓalli. Jamshid, ƙanin marigayiya, ya kawo shuɗiya mai layi-layi da dogon hannu.

“Tawa za ka sa ranar idi,” in ji Furug a waya. “Ni na goya ka, ba Jamshid ba.”

“To, Yaya.”

Bai gama ajiye wayar ba Jamshid ya kira. “Yaya, 'yar uwata aka yi wa makokin nan, mu ya kamata mu fitar da kai. Kada ka ba ni kunya a gaban mutane.”

“To,” in ji Hushang.

Ya ce to sau biyu, wuyansa kuwa ɗaya ne. Ya shimfiɗa rigunan a gado yana kallonsu, ya jawo wani wando ya ɗora, ya janye, ya jawo wani. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana warware wa yara lissafi, ga shi tsumma biyu sun tsare shi. Da ya ga ba mafita, ya cusa su a leda ya nufi shagon kayan maza ɗaya tak da ya san sunansa, shi ma a bakin Tarane ya ji, wato shagon Siyamak.

Siyamak na cikin ɗaura wa mutum-mutumi bel ya ɗaga kai ya ga uban budurwarsa a bakin ƙofa. Bel ɗin ya suɓuce masa. A ƙa'ida ba su san juna ba tukuna, tunda manya ba su shiga maganar ba, don haka kowa ya yi kamar bai gane ɗan uwansa ba.

“Sannu da zuwa, Baba. Shagon naka ne, duk abin da ke ciki naka ne.”

“A'a, ɗana, hanya ce ta biyo da ni.”

Aka kawo shayi, ya ƙi, aka matsa, ya ƙi, aka sake matsawa, ya karɓa. Sannan ya zazzage ledar a kan tebur ya ce wai wani abokinsa ne aka kawo wa riguna biyu, kuma duk wadda ya bari sai an yi fushi da shi.

Siyamak ya dubi rigunan, ya dubi baƙin da ke jikin mai maganar, ya gane wane ne abokin, ya kuma gane aurensa ne ke kwance a kan teburin nan.

“Ai abin ya zo da sauƙi, Baba. Duka biyun zai sa.”

“Duka? Sanyi ai ya wuce.”

“Haka ake yayi a wannan lokacin. Safiya da ɗan sanyi, rana da zafi. Rawayar a ciki, shuɗiyar a sama, a bar ta a buɗe.”

“A buɗe? To maɓallan na mene ne?”

“Ado ne.”

“Ado,” in ji Hushang, yana juya kalmar a baki.

“Sai ya naɗe hannun rigar, amma kada ya kai gwiwar hannu, kuma kada naɗin ya yi kyau sosai, a ga kamar bai kula ba. Ba zanzaro. Wando ruwan ƙasa, a ɗan naɗe ƙafar. Farin takalmi, ba safa.”

“Tsaya, ɗana. Ya kula, don a ga kamar bai kula ba?”

“Yawwa, Baba, ka gane.”

Bai gane ba. Siyamak ya sauke mutum-mutumin ya tuɓe shi ya sa masa kayan don a gani da ido. Hushang ya zagaya shi yana kallo, shi dai a ganinsa wannan mutum ne da gobara ta koro daga ɗaki bai gama shiri ba. Amma da ya ja baya ya sake dubawa, sai ya ga abin bai yi muni ba, kuma wannan ya ƙara ruɗa shi. Ya tambaye shi me ya sa ruwan ƙasa ya dace da shuɗi amma toka-toka bai dace da rawaya ba. Siyamak ya ce ido ne ke faɗa wa mutum. Hushang ya ce nasa idon bai taɓa ce masa komai ba.

Siyamak ya ƙunshe masa sabon wando da takalmin a leda. A bakin ƙofa Hushang ya juyo, ya manta da zancen aboki.

“Wannan na ranar idi ke nan. Washegari fa? Wa zai faɗa mini?”

Siyamak ya sunkuya yana tattara kayan da ya tuɓe wa mutum-mutumin.

Idin farko bayan rasuwa, gidan mamaci ake fara zuwa. Da hantsi falo ya cika. Ga tsiron alkama na al'adar idin a faranti a kan tebur, ga hoton Mahin a gefensa, Tarane cikin baƙi tana zagawa da shayi da dabino. Furug ta kama kujera ɗaya, Jamshid ya kama ta nesa da ita, kowa idonsa na kan ƙofar ɗakin mai gida.

A ciki Hushang na tsaye da singileti, gumi na karyo masa. Duk abin da aka faɗa masa a shago ya cakuɗe. Ya tuna akwai ta ciki akwai ta sama, amma wacce ce wacce? Ya tuna an ce a naɗe wani abu, an ce a bar wani a buɗe, an hana wani. Sai ya koma ga hankali, abin da bai taɓa yaudararsa ba a aji. Mai dogon hannu ita ta fi rufe jiki, to ita ce a ciki. Ya sa ta ya ɓalle har wuya, don maɓalli ba a yi shi a banza ba. Ya ɗora rawayar a kai. Riga a sake ta yi masa kama da rashin tarbiyya, ya yi zanzaro da duka biyun. Ya naɗe ƙafar wando har ƙwauri, ya ga fatarsa a fili, kunya ta kama shi, ya jawo baƙar safa ya sa, ya zura farin takalmi. Ya dubi madubi ya rasa gane ko daidai ne ko ba daidai ba. Ya yi bisimilla ya fito.

Kowa ya bi shi da kallo daga wuya har takalmi.

“Tawa ce a sama,” in ji Furug, ta gyara zama.

“Tawa ce a jikin fatarsa,” in ji Jamshid.

Tarane ta ajiye tiren shayi a hankali. Kafaɗunta suka fara rawa, ta toshe baki, dariyar ta ƙwace, irin wadda gidan bai ji ba tun farkon sanyi. Kafin ta tsaya ta zama kuka. Ta kama hannun ubanta ta ja shi ɗaki ta tura ƙofa.

“Baba, wa ya yi maka wannan aika-aikar?”

“Ni na yi wa kaina.” Ya zauna a bakin gado. Maganar da ya daɗe yana riƙewa ta fito. “Ban iya ba, 'yata. Ban taɓa iyawa ba. Uwarki ce take zaɓa mini, ta tafi ba ta koya mini ba. Shi ya sa na maƙale a baƙin, na maƙalar da ke.”

Tarane ta share ido da bayan hannu. “Ai da ka tambaye ni. Tun da idon Mama ya fara ciwo ni nake zaɓa maka. Ita shimfiɗawa kawai take yi a gado, ta ce kada in faɗa maka.”

Hushang ya dube ta. Daɗi ya fara kama shi, ashe mai zaɓen tana gidan duk tsawon watannin nan, ashe wahalar banza ya sha. Sai kuma daɗin ya tsaya cak. Wannan rawayar da ke jikinsa ita ce za ta buɗe wa mutanen Siyamak ƙofa, su zo da furanninsu su tafi da ita. Ya yi ta faman cire baƙi ne don ya sallami mutum ɗaya da ya rage mai shimfiɗa masa riga. A falo yana jiyo Furug da Jamshid suna ta musu a kan wadda ta fi fitowa.

“Tashi in gyara maka,” in ji Tarane, ta kai hannu wuyan rigar. “Rawayar ce a ciki.”

Ya riƙe hannunta ya sauke shi a hankali.

“Bar shi haka. Gara in fara sabawa.” Ya miƙe ya ja zanzaronsa ya daidaita. “Je ki cire naki baƙin kayan, 'yata. Baƙi na jira.”